Wasiƙa ga ɗana kan maganar yayan yarinyar nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Goggonninka sun dawo daga bincike da labarin cewa yayan yarinyar da kake nema ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, sun kuma ce hauka gado ne, a janye. Na ji har ka fara tambayar inda ake gwajin jini. Na daɗe ina aikin jinya, don haka ka saurare ni kafin ka yanke.

Cutar da aka ce yana da ita, likitoci na kiranta sikizofireniya: mutum ya riƙa jin muryoyi, ya riƙa zargin ana binsa. A ƙwaƙwalwa, jijiya na miƙa wa 'yar'uwarta saƙo ne ta hanyar sinadari, irin su dofamin da gulutamet, ɗayar kuma tana da 'yan kafofin da ke karɓarsa. Ƙwayoyin gado ne ke tsara ƙirar waɗannan kafofi. Tun 1952 likitoci a Paris suka ga maganin chlorpromazine yana kwantar da masu ciwon, daga baya aka gano kafar dofamin da ake kira D2 yake toshewa. Haloperidol da muke yi wa marasa lafiya allura ma haka yake aiki. A 2014 wani babban bincike da mujallar Nature ta buga ya gano wurare 108 a ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu alaƙa da cutar, cikinsu har da DRD2, wato mai ƙera kafar nan ta dofamin, da GRIN2A na kafar gulutamet. Zuwa 2022 wuraren sun kai 287.

To goggonninka ba su yi ƙarya ba, akwai gado. Inda suka kuskure shi ne sun ɗauke shi tamkar sikila. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce, AS ya auri AS, lissafi ya fito fili. Nan kuwa ɗaruruwa ne, kowace gudummawarta 'yar mitsitsiya, kuma ni da kai duk muna ɗauke da wasu daga ciki. Shi ya sa babu wani gwajin kafin aure da zai ce maka e ko a'a. Wanda duk ya ce ka kawo kuɗi ya duba maka, aljihunka yake dubawa. Balle ma yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne, namu jinin bai shiga sosai ba.

Ga abin da aka sani. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ke kamuwa. Wanda ɗan'uwansa ciki ɗaya ke da ita, kusan 10 cikin 100. 'Ya'yan da za ku haifa, waɗanda shi kawunsu ne kawai, bai wuce 3 ko 4 cikin 100 ba. Hatta tagwaye masu kama ɗaya, da gadonsu iri ɗaya ne sak, in Hassan ya kamu, Husaini yakan tsira a rabin lokuta ko fiye.

Abin da na fi tsoro a wajen samari shi ne wiwi. An tabbatar tana ƙara haɗarin, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya. In Allah ya ba ku zuri'a, nan za ka sa ido. Kuma in ka ga wani ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, yana magana shi kaɗai, a yi addu'a amma a kai shi asibiti da wuri. Na ga waɗanda aka kawo da tabon mari a ƙafa bayan shekaru a ɗaure, alhali ƙwaya ɗaya da dare ta ishe su komawa kasuwa.

Ni dai ban ga dalilin janyewa ba, in halinta da addininta sun kwanta maka. Goggonninka ka bar ni da su. In ka je gidan ranar Juma'a, ka nemi yayan ku gaisa, ka zauna ku ɗan yi hira, ka ji ko yana shan maganinsa a kan kari.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.