Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Abin Da 'Ya'yanku Ke Koya Game Da Ƙa'idojin Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, da iyali baki ɗaya. Wasu daga cikinku sun riga sun faɗa mana cewa yara sun fara zagaya gida suna ƙwanƙwasa bango, suna tambayar wane ne ya zana ginin. Mu ne sanadi, kuma ga bayani.

Tun farkon wannan zango muka ware darasi ɗaya a mako ga 'yan SS1 da SS2, maza da mata, a kan ƙa'idojin gini da kiyaye rai a wurin aiki. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne makarantar da ta rufta a Jos ranar 12 ga Yuli, 2024, yara na cikin aji, aka rasa rayuka 22. Kafin nan, a Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas tun ba a gama shi ba, fiye da mutum 40 suka rasu. Allah Ya kiyaye na gaba. Malamin da yake shiga aji kullum da yara hamsin a ƙarƙashin rufi ɗaya ba zai ji irin wannan labari ya yi barci mai daɗi ba.

Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Akwai hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi, da ARCON ta masu zanen gini, da CORBON ta magina. Nan Katsina kuma hukumar tsara birane ta jiha ce ke duba zane ta ba da izini kafin a haƙa harsashi. Yara sun rubuta waɗannan, amma ba a nan darasin ya shige su ba.

A bayan ajujuwa ya shige su. Malamin fasaha ya sa suka buga bulo kashi biyu da siminti iri ɗaya. Kashi na farko aka bi awo, aka ajiye a inuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Na biyu aka ƙara masa yashi yadda ake yi idan ana son buhu ɗaya ya yi auki, aka bar shi a rana ba ruwa. Ranar gwaji wata ɗaliba ta ɗaga na farko daidai ƙirjinta ta saki, gefensa kawai ya ɗan ɓare. Na biyun ko sakin sa ba a yi ba, wani yaro ya murza kusurwarsa da babban yatsa, yashi ya yi ta zuba. Ajin ya yi tsit. Daga baya yaron ya ce irin wannan ne aka jibge a ƙofar gidansu.

Daga nan suka gane cewa siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha, kuma kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa. A zafin Katsina, balle lokacin bazara, wanda ya zuba dakin, wato rufin kankare, ya hana shi ruwa ya cuci kansa. Sun koyi awon kankare da aka saba, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da dalilin da ya sa ba a sa rodi mai milimita 12 a inda zane ya ce 16, komai tsadar ƙarfe. Sun kuma ji haɗarin ɗora bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa.

Ba mu raina ginin iyayenmu ba. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye bayan ɗaruruwan shekaru. Maginan zamanin da suna da nasu ƙa'idojin: bango mai kauri a gindi yana sirancewa a sama, azara ba ta wuce iyakar tsawonta, indararo ya jefa ruwa nesa da bango, kuma a yi yaɓe kafin damina ta sauka. Yawancin ɗakunan ƙasa da ke faɗuwa a Agusta, ruwa ne ya daɗe yana cin gindinsu ba a kula ba. Mun kuma tuna musu ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, muka yi magana a kan gini a hanyar ruwa da toshe kwata da shara, da haƙa masai kusa da rijiya.

Mun san da yawa daga cikin yaranmu maza suna zuwa aikin lebura lokacin hutu don su samu na littafi. Shi ya sa muka dage a kan hular kwano, da takalmi rufaffe, da rashin hawa katakon da ba a ɗaure ba, da nisantar wayar wuta idan ana ɗaga rodi.

Roƙonmu gare ku, idan yaro ya zo da tambaya, ku saurare shi. Idan kuna gini, ku tafi da shi ya gani, ku nuna masa zanen da takardar izini. Iyayen da ke sana'ar gini, birkila ko kafinta ko mai haɗa wuta ko injiniya, muna gayyatar ku ku zo ku ba yaran awa ɗaya daga cikin abin da Allah Ya sanar da ku.

Kafin ƙarshen zango za mu kai 'yan SS2 wani wurin gini a cikin gari tare da malamai uku. Takardar amincewa tana hannun kowane ɗalibi. A sa hannu a dawo da ita ranar Litinin, kuma duk wanda zai je ya zo da takalmi rufaffe, ban da silifa.

Allah Ya yi wa zuri'a albarka.

Shugaban Makaranta