A Koya wa Sabbin Masu Digiri Rubuta CV, a Daina Rubuta Musu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu masu kammala jami'o'i da sauran manyan makarantu, wato rubuta takardar CV, wadda mai neman aiki ke bayyana karatunsa da gogewarsa a cikinta, da kuma iya magana da rubutu a wurin aiki idan Allah Ya sa sun samu. A ganina waɗannan biyun tushensu ɗaya ne, kuma taimakon da ake ba matasa a yau ya fi karkata ga rubuta musu takardar maimakon a koya musu su rubuta da kansu, alhali hakan cutarwa ce ake yi musu da sunan taimako.

Na sha zama cikin kwamitin tantance masu neman aiki, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda takardun suka zama kusan iri ɗaya. Kowa ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai iya aiki da jama'a, mai jure wahala, amma da wuya ka ga wanda ya kawo wani abu guda da ya taɓa yi wanda zai gaskata ko ɗaya daga cikin waɗannan siffofi. Mai tantancewa kuwa yana da tulin takardu a gabansa, kallon farko da zai yi wa kowace gajere ne ƙwarai, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: me wannan mutumin zai iya yi mana a wannan aiki da muka tallata? Takardar da ba ta amsa wannan tambaya a rabin shafinta na farko ba, da wuya a sake waiwayarta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci ya rubuta wa Ludovico Sforza, mai mulkin birnin Milan a ƙasar Italiya, wasiƙar neman aiki, wadda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin CV na farko da tarihi ya adana. Duniya ta san Leonardo da zane, amma bai fara wasiƙar da zane ba. Ya san mai mulkin yana cikin zamanin yaƙe-yaƙe, saboda haka sai ya jera abubuwan da zai iya ƙera masa: gadoji marasa nauyi da sojoji za su iya ɗauka, dabarar janye ruwa daga ramin da ya kewaye ganuwa, igwa iri-iri, da kekunan yaƙi masu rufi. Sai can ƙarshe ya ambaci cewa ya iya sassaƙa da zane. Ya fara da buƙatar wanda zai karanta, ba da abin da shi ya fi alfahari da shi ba, kuma wannan ne darasin da ya kamata a fara koya wa kowane matashi kafin a nuna masa tsarin shafi.

Kukan da na fi ji daga sabbin masu digiri shi ne ba su da gogewar aiki, don haka ba su da abin rubutawa. Ban yarda da wannan ba. Wanda ya yi binciken kammala digiri ya tattara bayanai, ya tantance su, ya kuma kare sakamakonsa a gaban malamai. Wanda ya riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ya riƙe amanar kuɗi, ya ba da lissafi. Wanda ya yi zaman sanin makamar aiki, ko ya koyar da yara a lokacin hutu, ko ya yi aikin sa kai, ko ya riƙe wata sana'a yana karatu, duk yana da abin faɗa. Matsalar ita ce ba a koya musu yadda za su faɗe shi ba. Maimakon mutum ya rubuta cewa ya kasance sakataren ƙungiya, wanda muƙami kawai ya ambata, ya fi kyau ya ce ya tsara rajistar mambobi 200 a kwamfuta, har aka daina ɓatar da sunaye lokacin zaɓe. Jimla ta biyu ta faɗi abin da ya yi, da girmansa, da amfanin da ya haifar. Sharaɗin kawai shi ne kowace lamba ta zama gaskiya, wadda zai iya bayaninta idan an tambaye shi. Wannan aiki na zama a tuna, a auna, a zaɓi abin da ya dace da tallar da aka gani, ba wanda zai iya yi wa mutum, domin shi kaɗai ya san abin da ya yi.

Sauran ƙa'idojin ba su da wahala. Shafi ɗaya ya ishi wanda bai daɗe da kammala karatu ba, a fara da abu mafi kusa a koma baya, a sa lambar waya mai aiki da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya ba laƙabin wasa ba, a kuma ba wani ya duba kurakuran rubutu. Manyan kamfanoni da dama suna amfani da manhajar da ke karɓar takardu tana tsara su kafin ɗan Adam ya gani, kuma irin wannan manhaja takan rikice da hotuna da ado da rubutun da aka cusa cikin akwatuna, saboda haka tsari mai sauƙi ya fi tsira, tare da amfani da kalmomin da ke cikin tallar aikin matuƙar sun dace da mai nema. Sannan a san inda ake aikawa. A Amurka da Birtaniya ba a saba sa hoto ko shekaru ko bayanin aure ba, saboda dokokin hana wariya wajen ɗaukar aiki, alhali a Jamus har yanzu mutane da yawa suna sa hoto, Tarayyar Turai kuma tana da tsarinta na CV mai suna Europass tun 2005.

Tun da ChatGPT, wato manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya buƙata, ya fito a watan Nuwamban 2022, rubuta takarda mai santsi ya zama abin minti kaɗan, kuma ban ga laifin mutum ya nemi irin waɗannan manhajoji su gyara masa nahawu ko su nuna masa inda jimla ta yi tsawo ba. Inda nake jin tsoro shi ne a bar manhaja, ko wani da aka biya, ya ƙirƙiro mutumin da babu shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar intabiyu za a ɗauki layi ɗaya daga takardar a ce ya yi bayani, nan take kuma za a gane ko nasa ne. Ƙarya kuwa ko ta wuce ranar intabiyu tana nan tana jira. A 2012, Scott Thompson ya bar shugabancin kamfanin Yahoo bayan 'yan watanni kacal, sakamakon gano cewa bayanansa sun nuna yana da digiri a kimiyyar kwamfuta, alhali a fannin akanta ya yi digirinsa.

Dalilin da ya sa nake dagewa a kan matashi ya rubuta da kansa shi ne, ranar da ya kama aiki, abin da za a nema a wurinsa kullum shi ne wannan fasahar dai: ya san wa yake yi wa magana, ya fara da abin da ya fi muhimmanci, ya taƙaita. Imel ɗin da aka aika wa shugaba mai ayyuka da yawa yana buƙatar take bayyananne, da buƙata a jimlar farko, da ranar da ake son amsa. Idan an ba sabon ma'aikaci umarni, ya kamata ya maimaita abin da ya fahimta, ya tambayi wa'adi, domin tambayar minti ɗaya ta fi aikin mako guda da aka yi ba daidai ba. Sabbin ma'aikata da yawa suna ɗaukar shiru a matsayin ladabi, sai su ɓoye matsala har ta girma. Mafi yawan shugabanni sun fi son a zo musu da mummunan labari da wuri, tare da abin da aka gwada da shawarar mafita, a kan a yi shiru sai wa'adi ya cika. Haka nan karɓar gyara ba tare da fushi ba, da bayyana saɓanin ra'ayi cikin girmamawa da hujja, da rashin aika saƙo cikin ɓacin rai, duk abubuwa ne da ake koyo, ba a haifi kowa da su ba.

A nan zan ja hankalin masu horarwa da ke yawan cewa kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na saƙo, sauran duk murya ce da yanayin fuska. Wannan adadi ya samo asali ne daga binciken Albert Mehrabian na 1967, wanda ya shafi bayyana abin da ke zuciya idan kalma da murya suka saɓa, ba kowace irin magana ba. Idan aka koya wa matasa haka, sai su mai da hankali ga tsayuwa da murmushi su bar abin da za su faɗa, alhali rahoto da imel kalmomi ne zalla.

Saboda haka ina kira ga jami'o'i su ba wannan fanni muhimmanci a shekarar ƙarshe, ta yadda kowane ɗalibi zai rubuta CV a kan tallar aiki ta gaske, a gyara masa, ya sake rubutawa, sannan a yi masa intabiyu na gwaji. Iyaye da yayye da ke taimakawa su zauna da yaron su yi ta tambayarsa abin da ya yi har ya fito da shi da bakinsa, maimakon su miƙa masa takardar wani ya canja suna. Masu ɗaukar aiki kuma su daure su riƙa sanar da waɗanda ba a ɗauka ba, ko da a jimla biyu ne. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ware shafi ko sau ɗaya a wata, inda matasa za su aiko da takardunsu a cire sunaye, ƙwararru su gyara su a fili tare da bayyana dalilin kowane gyara, domin dubban masu karatu su amfana da gyaran mutum ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta wannan jarida a kullum