Sunayen mata na tsohuwar Girka: a bincika labarin mai sunan tukuna

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in bayyana ra'ayina game da iyayen da suke tono tsoffin sunayen Girkawa, musamman waɗanda ba a saba ji ba, idan sun tashi raɗa wa 'ya mace suna. Ba na ganin laifin son sunan da ba kowa ke amsa shi ba, amma abin da yake damuna shi ne, da yawa daga masu zaɓen suna tsayawa ne kan daɗinsa a kunne, ba su tambayi ko wace ce ta yi fice da shi ba.

Mediya suna ne mai sauƙin faɗa, amma a tatsuniyoyin Girkawa ita ce matar da ta kashe 'ya'yan cikinta domin ta ƙuntata wa mijinta Jason, bayan ya juya mata baya ya nemi auren wata. Kasandara kuwa 'yar sarkin birnin Taroyi ce a tatsuniyoyin, wadda take faɗin abin da zai auku, amma aka tsine mata yadda babu mai gaskata ta. Ina tausaya wa yarinyar da za ta zauna a aji ranar da malami zai karanta irin wannan labari, 'yan ajin su waiwayo gaba ɗaya suna kallonta. Atina da Atemis kuma sunayen alloli ne da Girkawa suka bauta wa, kuma ya kamata mai kishin addininsa ya san haka kafin ranar suna.

Wanda ya nace sai sunan Girkawa, ina ba shi shawara ya duba matan da suka rayu da gaske. Akwai Kiniska, gimbiyar birnin Sparta na tsohuwar Girka, mace ta farko da aka rubuta sunanta cikin zakarun wasannin Olamfik, a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da dawakinta suka lashe tseren keken doki. Ba a barin mata su fafata a filin, amma nasarar tseren ta mai dawakin ce. Akwai kuma Haifeshiya ta Iskandariyya, malamar lissafi da ilimin taurari da falsafa, wadda ɗalibai suke zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu a wurinta.

Wani zai ce ai Haifeshiya ita ma mugun ƙarshe ta yi, tunda gungun 'yan tarzoma suka kashe ta a shekara ta 415 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Gaskiya ne, amma ita zaluntar ta aka yi, ba ta cuci kowa ba, kuma da iliminta ake tuna ta. Da za a nemi zaɓina, sunanta zan ba 'yata.

Wassalam,
Wata mai bibiyar jaridarku