Godiya ga masu lambun furanni na hanyar Madina zuwa Legon

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi da duk wanda saƙon nan ya riska. Na ga ya kamata in fito fili in gode wa wani lambun sayar da furanni da ke bakin titi in ka baro Madina za ka Legon a nan Accra, wurin wani dattijo ne da yaransa, saboda mutuncin da suka yi mana a kan yasmin ɗin gidanmu.

Ita yasmin ɗin nan tarar da ita muka yi a gidan da muke haya, cikin babban bokiti a bayan kicin, ganye kore shar amma fure ko ɗaya babu. Na ɗauki hotonta a waya na hau trotro da niyyar sayo taki. Baba na ganin hoton ya ce ɗiyata mayar da kuɗinki jaka, wannan ba yunwa take ji ba, ƙoshi ne ya yi mata yawa. Wallahi wani ne da tuni ya ɗaura min takin zamani NPK 15-15-15 a leda ya karɓe sidina na ƙara gaba.

Ya sa yaro ya jawo min benci ya yi min bayani tiryan-tiryan. Ya ce kashin kaji da takin zamani in sun yi yawa ganye kawai suke turowa, abin da take nema rana ce, aƙalla awa 6 kullum, in ta safe ce ma ya fi, don haka a fitar da ita daga inuwar nan. Sannan abin da ya fi tsaya min a rai, wai fure a sabon reshe yake fitowa, tsohon reshe ya gama nasa, saboda haka duk lokacin da ta gama zubar da fure a rage mata kamar kashi ɗaya cikin uku, a yanka daidai saman gaɓa inda ganye biyu suka fito, nan za ta tsago biyu. Bai tsaya a baki ba, ya ɗauko almakashi ya yanka wata tasa a gabana ya miƙo min ya ce in gwada. Ya ce a huda gindin bokitin, a gauraya baƙar ƙasa da yashi, kada a ba ta ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Tokar gawayi kuma ɗan barbaɗe kawai.

Na nuna wata mai ƙamshin dare zan haɗa da ita, shi da bakinsa ya ce wannan da ake kira Queen of the Night ba yasmin ba ce ta gaskiya kuma 'ya'yanta guba ne, gidan da yara ke rarrafe a yi hattara. Mutum ya hana kansa ciniki har sau biyu fa!

Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke maƙalewa ƙasan ganye kuwa, ya ce a jiƙa ganyen dogon yaro da ɗan alata samina, wato sabulun salo, a fesa da yamma, da hunturu kuma a riƙa wanke mata ƙura.

To ruwan Afrilu na sauka sai ga ta ta cika da ƙananan tohon fure farare. Bayan magariba suke buɗewa, ƙamshin har ɗakin Hajiya mai gida, washegari gefensu ya ɗan yi ja-ja su zube wasu su maye. Yanzu maƙwabta kowa a yanka masa reshe, kuma Baba ya ce damina ce lokacin dashen, reshen da bai tsufa ba bai kuma yi danye sharaf ba.

Baba da yaranka, mun gode, mun gode. Allah ya ƙara kasuwa ya ba da lafiya, ya sa albarka a hannun nan.

Taku, wata 'yar Nima, Accra.