Kafin ka ƙara biyan komai a kan gidan nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Jiya sau uku ina kiranka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don Allah ka karanta har ƙarshe kar ka tsallake.

A bakin yayarka na ji wai ka ba da kafin alƙalami a kan wani gida, rabin kuɗin daga jarin shago ka zaro, sauran kuma rance za ka ci. Kar ka je kana mata faɗa, ni na matsa mata. Abin da ya ɓata min rai shi ne a ce ina raye ka ƙulla ciniki irin wannan sai a bakin wani zan ji.

Maganar jari ba zan ja ta ba, ka sani ai, riba ake ci ba a taɓa uwar kuɗi, ranar da kanta ta fara yin fayau mai saye ya zo sau biyu bai samu ba to ya yi gaba ke nan. Rancen kuma ka ɗauki biro ka lissafa, in an ce maka kashi 5 cikin 100 a wata kar ka ji shi kaɗan, a shekara 60 ne, in ruwan yana hawa kan ruwa ya kusa 80. Hukuncinsa a addini kuwa ba sai na maimaita maka ba. Ko a hannun ɗan uwa ka karɓa a rubuta, nawa ne, yaushe za a biya, a sa shaidu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. An ce min gidan na gado ne, kuma mutum ɗaya cikin magada ka yi magana da shi. Wallahi tun da na ji gabana ke faɗuwa. An raba gadon? Ina takardar rabon? Wa ya wakilta shi ya sayar? Mutum ba ya iya sayar maka da abin da ya wuce kasonsa, ko da shi ne babban wa, ko da shi ke riƙe da makulli. Duk wanda ke da haƙƙi sai ya sa hannu, har matan da suka yi aure suna nesa, har marayu ta hannun waliyyinsu, in ka bar mutum ɗaya to bayan shekara goma zai iya tasowa ya maka ka kotu, kana ciki da 'ya'yanka. Ka manta ranar da aka fito da kayan kawunka waje? Kana ɗan shekara 9, kai aka ba agogon bango ka rungume kana kallon katifu a ƙasa. Shi ma rasit gare shi, da shaidu biyu, me suka tsinana masa?

Na san abin da kake faɗa a ranka, Baba komai sai ya kawo tsoro, shi ya sa ya daɗe a haya. E na daɗe, amma ba a taɓa buga mana ƙofa da sammaci ba, kuma ba ku taɓa kwana kuna jin ana zagina a kan bashi ba. Girman kai ne ke neman ɗibarka, don ka ga sa'o'inka sun saya.

Ka nemi lauyanka na kanka, banda na mai sayarwa, ya je ofishin rajistar filaye ya duba sunan wa ke kan gidan kuma ko an jinginar da shi. Ka ce sai ka ga takardun orijinal da idonka, in fotokwafi kawai suke nuna maka to wata ƙila na gaskiyar suna banki. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, yana karɓa ba ka ƙara ganinsa, duk "akwai wani mai so gobe" da zai ce maka kar ta ruɗe ka. Biya ta banki za ka yi, cikin asusun mai suna a takarda, kar ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu.

In abin bai fito fes ba ka haƙura da kafin alƙalamin, zan taimaka maka da abin da ya sawwaƙa. Ni ma burina ne in shiga gidanka in yi sallah in sa maka albarka. Ka ɗauki hoton duk takardar da suka ba ka ka turo min yau, sannan ka kira mahaifiyarka, ita ma ta ji kuma tun jiya ba ta da sukuni.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka