Ka leƙa mini gefen hagun jirgin

Salamu alaikum, Malam Bashir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, iyali ma suna lafiya. Yaya sanyin Washington? Mu nan hunturu ya kankama, kowa sai shafa man kaɗanya yake.

Kwanan nan na koma kallon tsohon shirin nan Star Trek, wanda tashar NBC ta nuna daga 1966 zuwa 1969. Yara sai dariya suke yi mini, wai duwatsun cikinsa da soso aka yi su. Ban musa ba. Amma jirgin sararin samaniyar da ke cikin shirin, Enterprise, kam, har gobe ban ga wanda ya kai shi tsari ba.

Wanda ya zana shi, Matt Jefferies, ya yi aiki a jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ya san jirgi ciki da bai. Mai shirin, Gene Roddenberry, ya kafa masa sharaɗi: kada ya ga roka, kada ya ga wuta tana feshi daga baya. Sai Jefferies ya ɗora injina biyu a kan dogayen sanduna, nesa da faifan da mutane suke zaune, domin a ganinsa injin da ke da irin wannan ƙarfi haɗari ne a kusance shi. Jikin jirgin kuma ya bar shi sumul, kayan aiki duk suna ciki, saboda kada mai gyara ya riƙa fita sarari duk lokacin da wani abu ya lalace. Komai da dalilinsa. Jiragen finafinan yanzu kuwa, tarkace ake liƙa musu birjik don dai a cika ido.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na'urar da ke ɓatar da mutum ta bayyana shi a wata duniya. Rashin kuɗi ne ya haife ta, domin nuna saukar jirgi kowane mako zai cinye kasafin. Ƙyalƙyalin nan da muke gani in na'urar tana aiki garin alminiyum ne ake zubawa a gaban fitila, a ɗauka da kyamarar da aka kifa, sai ya zama kamar sama yake tashi. Ƙofofin da ke buɗe kansu ma, ma'aikata ne a ɓoye suke ja.

To ga roƙona. Samfurin jirgin da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon ƙafa 11, yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, nan kusa da kai. Kamfanin Paramount ne ya ba su shi a 1974. Gefen dama kaɗai aka ƙawata, don shi ne ke fuskantar kyamara. Ta hagu wayoyin fitilu suka shiga. In an so a nuna jirgin ya nufi ɗaya ɓangaren, sai a liƙa lambobinsa a juye, a kifa fim ɗin. Don Allah in ka samu sarari ranar Asabar, ka zagaya ta hagun ka ɗauko mini hoto, kowa na dama yake ɗauka.

Ka gaishe da uwargida da yara. Kilishin da ka ce, zan ba duk wanda na samu mai tahowa.

Naka,
Aminu