A dawo mana da zango a ƙananan garuruwan bakin hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba kasafai labarinsu ke fitowa a jarida ba, wato masu doguwar tafiya a ƙasa, waɗanda dare ke riska a ƙananan garuruwa irin namu.

Ni tsohon malamin firamare ne. Da na yi ritaya sai na buɗe ɗan kanti a bakin titi a garinmu, a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Wanda ke cikin mota ba ya lura da su, amma mu da muke wuni a bakin kwalta muna ganinsu kullum: 'yan ci-rani da jakar bakko a ka, masu yankan farce, masu gyaran takalmi da akwatinsu, almajirai masu sauya tsangaya, da wanda kuɗin mota ya ƙare masa a tsakiyar hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, ni dai a idona yawansu ya ƙaru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar bara. Ana shirin kiran isha'i, hadari ya haɗo ta gabas, sai ga wani saurayi ya tsaya a ƙofar kantina ya yi sallama. Bai nemi sadaka ba. Cewa ya yi, "Baba, don Allah ina baƙo yake kwana a garin nan?" Na dubi ƙafarsa, silifa ɗaya an ɗaure maɗaurinta da waya, tafin ƙafar duk ya yi bororo, wani ya fashe ƙasa ta shiga ciki. Ya ce daga wani ƙauye yake kusa da Matamaye, ya shigo mota har Kano, guzuri ya ƙare, shi ne ya kamo hanyar Kaduna a ƙasa, can ɗan'uwansa yake sana'ar ga-ruwa. Kwanansa biyu ke nan a hanya.

Wallahi Malam Edita, na rasa amsar da zan ba shi. Masallacinmu ana kulle shi bayan sallar isha'i tun lokacin da aka sace batirin sola da na'urar lasifika, kuma ban ga laifin masu kullewar ba. Gidajen da aka gina a 'yan shekarun nan ba su da zaure, sai ƙofar ƙarfe. Ɗakin kwana na haya kuwa, wanda bai iya biyan kuɗin mota ba ina zai samu kuɗinsa? Na kai shi rumfar mai shayi, aka haɗa masa shayi da burodi, na aika gida aka kawo ruwan ɗumi da gishiri ya tsoma ƙafar, muka shafa masa man kaɗanya. Da ya tambayi inda zai kewaya, sai mai shayi ya miƙa masa buta ya nuna masa bayan gari, a cikin duhun nan. A kan benci ya kwana, feshin ruwa na dukansa. Cikin dare 'yan sintiri suka tashe shi sau biyu da tocila a fuska suna tambayarsa. Da asuba ya yi salla tare da mu, ya yi ta godiya kamar mun yi masa wani abin kirki, ya kama hanya. Ni kuwa kunya ce ta hana ni sakewa ranar.

Wannan namiji ne. Idan mace ce da goyo, lamarin ya fi muni, domin ba ta iya kwana a rumfa. Sai dai wata baiwar Allah ta tausaya ta shigar da ita gida, wani lokaci kuma maigidan ya ƙi.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kakanninmu da ƙafa suka san duniya. Fatake sun yi ta tashi daga Kano da jakuna, madugu na jagorantar ayari, su yi watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Duk inda rana ta faɗi akwai zango, akwai rijiya, akwai mata masu sayar da fura da tuwo, akwai sarkin zango da ya san wanda ya sauka da wanda ya tashi. A manyan kasuwanni kuma fatoma ne ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Sunan bai ɓace ba: ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga unguwannin zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Ghana, inda har gobe ake jin Hausa. Haka mahajjatanmu suka riƙa ratsa Barno da Chadi da Darfur a ƙasa har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru a hanya suna noma suna ƙara guzuri. Garin Mai Wurno da ke Sudan, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama matsayar mahajjata da yawa. Da mutanen waɗancan garuruwa sun rufe musu ƙofa, da babu wanda ya isa Makka. Ni kaina na tashi na tarar da zauren mahaifina da tabarma biyu a naɗe a lungu, da randa, ba don kowa ba sai don baƙon da ba a san da zuwansa ba. Idan aka kawo tuwon dare, sai an fitar da kwano ɗaya an ajiye ko da wani zai yi sallama.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a majalisarmu: zamani ya canza, akwai ɓarayi, akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba a san na kirki ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina tsoron kowa. Amma a duba da kyau. Yanzu baƙon yana nan yana kwana a garin, a bayan shago, a gindin bishiya, a kangon da ba a gama ginawa ba, babu wanda ya san sunansa balle inda ya fito. Wanne ya fi zama hatsari, wannan ko kuwa a ce akwai wuri ɗaya sananne, kusa da gidan mai unguwa, inda duk baƙo zai sauka, a rubuta sunansa da garinsu da inda ya nufa? Aikin da sarkin zango yake yi ke nan tun kafin a san ofishin 'yan sanda. Mai mugun nufi shi ne zai guje wa irin wannan wuri, kuma gudun nasa ma ya isa alama.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ɗaki biyu na bulo, ɗaya na maza ɗaya na mata, da ƙofa mai sakata ta ciki. Tabarmi da gidan sauro. Banɗaki mai rufi, wanda a ganina shi ne kan gaba, domin rashinsa cutarwa ce ga baƙo da 'yan gari baki ɗaya, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Randa ko famfon tuƙa-tuƙa a kusa. Ƙaramar sola da za ta ba da fitila ɗaya da wurin cajin waya, saboda yawancin matafiyan nan babban abin da ke damunsu shi ne wayar ta mutu, na gida ba su san halin da suke ciki ba. Sai dattijo ɗaya amintacce da zai riƙe makulli da littafi, a riƙa ba shi ɗan abin goro duk wata. A sa ƙa'ida: kwana ɗaya zuwa uku, kamar yadda addini ya nuna game da haƙƙin baƙo, sai in rashin lafiya ta kama mutum. Mai kemis na gari ma zai iya taimakawa da auduga da maganin ciwo.

Ta ina kuɗin zai fito? Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba cewa zakka ta halatta gare su. Muna tuna fakirai da miskinai, amma shi mun manta da shi. Hukumomin zakka da hubusi na jihohinmu za su iya sa wannan cikin ayyukansu. Masu hali da ke gina masallaci na huɗu a unguwar da na ukun bai cika sahu biyu ba, ina roƙonsu da girman Allah su duba wannan ƙofa ta sadaka mai gudana. Dagatai su ba da fili, matasa su yi aikin gayya, ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa su ɗauki nauyin mai gadi.

Na tuna a 2015, lokacin da Sulaiman Hashimu ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar zaɓen Muhammadu Buhari, gari-gari ake tarbarsa, ana ɗaukar hoto da shi. Na yi murna da hakan, domin ya nuna hannunmu bai manta da kyauta ba. To wanda talauci ya sa shi tattaki, babu kyamara a bayansa, shi ma ƙafar nan ce irin ta kowa, kuma ya fi buƙata.

A namu ɓangaren, na kai maganar gaban mai unguwa da liman. Mai unguwa ya ce, "Malam, in dai za a samu mai riƙe littafi, ni zan yi wa dagaci magana a kan tsohon shagon da ke bayan masallaci." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni zan riƙe." Muna nan muna haɗa kuɗin kwano da siminti na banɗaki. Ina roƙonka, Malam Edita, ka turo wakilinka ya bi hanyar nan daga Kura zuwa Kwanar Ɗangora har Tashar Yari bayan sallar isha'i, ya leƙa rumfunan masu shayi da barandar shaguna, ya tambayi waɗanda zai tarar a kwance daga ina suke, sannan ya rubuta abin da ya gani.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙaramin gari a kan hanyar Kano zuwa Zariya